Nomau da Murar Motar Kawu

A garinmu Tsamiyar Dogo, in ka wuce turken awaki ka yi gabas, gidan farko mai dangar kara shi ne gidan su Nomau. Su uku ne a ciki: shi Nomau, da matarsa Tabawa, da mahaifiyarsa Inna Gaje, wadda ciwon gwiwa ya zaunar a kan tabarma. Nomau ƙato ne, ga gemu, ga ƙarfi, ga kyawun hali. Bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba, shi ya sa bai taɓa zaton wani zai faɗi abin da ba shi yake nufi ba. Abin da ka ce, to shi ka ce. Tabawa ta daɗe da gane haka, kafin ta aike shi sai ta tauna maganarta sosai.

Inna Gaje tana da ƙane, Kawu Zubairu, wanda ya yi furfura a tuƙin tanka. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida da wata irin mota da ya saya a Kwatano, irin tafi-da-gidanka. Akwai gado a ciki, da wurin girki, da banɗaki, har da famfo. Tankin ruwa yana ƙarƙashin daɓe, wani ɗan inji mai aiki da batir yana tura ruwan ta bututu zuwa famfon. Duk gari muka taru kallo.

Kawu ya gyara hula ya ɗaga murya don yayarsa ta ji daga cikin gida. Jikarta ce za a aurar a Damagaram, ita kuwa ta riga ta fid da rai da zuwa, don ba ta iya hawa da saukar motar haya.

"Yaya, a kwance za ki je bikin nan! Ko alwala ba mai sauke ki, ga famfo a kusa da kanki."

Ya murɗa famfon a gaban jama'a. Famfo ya ce fuuu, ya yi shiru. Ko ɗigo. Samari suka fashe da dariya. Kawu ya ce shi da ya gyara tanka a tsakiyar daji, famfo ba zai gagare shi ba, kuma ɗan yayarsa ne zai taya shi. A ranar Nomau ya sa Tabawa ta wanke masa rigar Juma'a, ya ce ya samu aiki.

Wata rana, washegarin abin kunyar nan, Kawu ya ƙwanƙwasa tankin ya ji wayam. Ya ce, "Ashe ba komai a ciki. Nomau, kafin in dawo daga kasuwa ka cika wa motar nan ciki da ruwa." Nomau ya ɗauki garwa biyu ya nufi rijiya. Ya buɗe ƙofar mota ya sheƙa a kan darduma, ya koma ya ƙaro. Da ya ga ruwan yana gudu ta ƙasan ƙofa sai ya toshe da tsumma da laka, ya koma zubawa ta taga. Kawu ya dawo ya ja ƙofa, ruwa ya yi masa sallama har gwiwa, ga takalmansa na fita unguwa suna iyo suna wucewa.

"Nomau! Me na ce maka?"

"Ka ce in cika mata ciki, Kawu. Saura kaɗan, har ya kusa kai gado."

Kawu ya kama hannunsa ya kai shi gefen mota, ya ɗora yatsansa a kan marfin tankin. Nomau ya dubi ɗan ramin ya girgiza kai ya ce, "Ai wannan baki ne, Kawu. Da ka ce baki."

Wata rana, bayan katifa ta bushe an kuma cika tanki ta inda ya dace, Kawu ya kunna inji. Injin ya yi ta gurnani, famfo yana tofar da kumfa. Kawu ya kasa kunne ya ce, "Iska ce ta shiga bututun nan, sai an fitar da ita." Ya tafi masallaci. Nomau ya tsaya cak. Ya san yadda ake yi wa iska in ta shiga mutum, don ya ga an yi wa wata gwaggonsa. Ya kwaso garwashi a kasko, ya zuba busasshen barkono tafi guda, ya ajiye a tsakiyar mota, ya rufe tagogi. Ya tsaya a bakin ƙofa da sanda yana faɗin, "Ki fita da girma da arziki, motar tsohuwa ce!" Hayaƙi ya bi gari. Masu fitowa daga masallaci suka dinga atishawa kamar an yi musu gasa, awakin turke suka tsinke igiya. Kawu ya iso yana tari, ya buɗe tagogi, ya bar famfo a buɗe har iskar ta gama fita ruwa ya miƙe. Nomau ya ga ruwa ya zubo, ya juya ga mutane yana share ido.

"Kun gani? Ba ta son barkono."

Wata rana sai aka wayi gari tanki ya koma rabi, ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin mota. Lokacin damina ne, an yi ruwa da asuba. Kawu ya durƙusa yana leƙe, bayansa ya ƙi ba shi haɗin kai. Ya ce, "Kai da ke da sauran ƙashi, bi ruwan nan ka gano min inda yake zuwa." Nomau ya naɗe ƙafar wando. Ya bi ɗan zirin ruwan har ya shiga kwata, ya bi kwata ta bayan gidan mai unguwa, ya bi ta har ta faɗa rafi. Kawu ya yi ta kira bai ji amsa ba, dole ya shimfiɗa buhu ya kwanta da kansa, ya tarar ɓera ne ya ɗanɗana bututu. Ya yanke wurin ya haɗa ya ɗaure. Sai bayan la'asar ga Nomau, laka har ƙugu, riƙe da tarwaɗa biyu.

"Kawu, na gano. Gonar albasar mutanen Kwarin Maje yake zuwa. Na ce musu ruwanmu ne suke sha, su dai sani. Wani dattijo ya ba ni waɗannan, ya ce in gaishe ka, wai Allah ya ba ka haƙuri."

Inna Gaje ta sha romon kifi a ranar, ta ce ita dai ba ta ga laifin ɗanta ba.

Wata rana Kawu ya danna makunni, inji bai ko motsa ba. Ya ɗaga kujera ya taɓa wayoyi ya ce, "Shi ke nan, batirin ya mutu." Ya hau babur ya tafi garin gaba neman mai caji. Nomau ya cire hula ya tsaya a kan batirin, zuciyarsa ta karye. Ya ciro shi a hankali, ya naɗe a tsohon zane, ya haƙa rami a gindin dalbejiya ya rufe. Sannan ya shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ya zauna ya yi tagumi. Masu wucewa suka tambayi lafiya.

"Rashi aka yi wa Kawu. Wanda ke kwana a ƙarƙashin kujerarsa. Tun daga Kwatano suke tare."

Mutane suka ɗauka yaron motarsa ne, suka zazzauna. Kawu ya dawo ya hango taro a ƙofar gidan yayarsa, kowa ya sunkuyar da kai. Ya saki babur ya faɗi. Dattijon da ba a taɓa ganin hawayensa ba ya durƙushe yana faɗin, "Yaya Gaje! Ban kai ki ba! Na yi alkawari ban cika ba!" Sai ga muryar Inna daga cikin gida: "Wane ne ke kiran sunana kamar na ci masa bashi?" Aka tono batir aka kai caji. Amma daga ranar ba wanda ya ƙara yi wa Kawu dariyar famfonsa. Mun ga abin da tafiyar take a zuciyarsa.

Wata rana, biki ya matso har an fara ɗaure kaya, Kawu ya zauna a cikin mota ya rasa yadda zai yi. Tanki cike, bututu lafiya, batir da ransa, inji yana juyawa. In ya murɗa famfo sai ruwa ya zo da ƙarfi, can sai ya siririce, ya yi tari, ya ɗauke. Ya kwance famfon ya wanke, ya kwance matacin inji ya wanke, duk a banza. Inna Gaje ta aiko Tabawa ta ce a gaya masa ya bar wahalar da kansa, Allah bai nufa ta ga bikin ba. Wannan saƙon ya fi komai yi masa ciwo. Famfo ya sake yin tari, Kawu ya jefar da sifana.

"Ji shi, sai ka ce mai mura! Abin da ya rage kawai a fyace mata hanci."

Nomau ya miƙe. Ya san bakin motar, don an taɓa ɗora masa yatsa a kai, hanci kuwa ba ya nisa da baki. Ya zagaya ya duba, sai ga wata 'yar huda a saman marfin tankin, ta toshe da busasshiyar laka. Ya ce, "Allah sarki, ashe da gaske ne." Ya tsokale ta da tsinken tsintsiya, ta ƙi. Sai ya yi abin da ya ga mata suna yi wa jarirai: ya kafa baki ya zuƙa da iyakar ƙarfinsa. Laka ta taho masa a baki, da matattun tsutsotsi, da duk kayan ɗakin zanzaron da ya yi gini a wurin. Tanki ya ja wani dogon numfashi da kowa ya ji. A ciki kuwa Kawu ya kara ido a bakin famfon da ya bari a buɗe, ruwa ya feso masa a fuska ya tuɓe masa hula.

Ya fito yana ɗiga, ya tarar da Nomau yana tofar da laka. Ya dubi hudar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ce da mu, "Kun san gwangwanin madara? In huda ɗaya ka yi masa ba ya zuba, sai ka yi ta biyu iska ta shiga. Ta nan tankin ke shaƙar iska. Na kwance komai a motar nan ban duba nan ba."

Nomau ya ce, "Ai kai ka faɗa, Kawu. Ni dai fyacewa na yi."

Aka ɗauko Inna Gaje a kan kujera aka shigar da ita. Ta tara hannu, ruwa ya cika mata tafi, ta wanke fuska, ta sake tarawa. Ta leƙo ta taga ta ce da matan da suka taru, "Ɗana ne ya gyara. Ku gaya wa wanda bai ji ba."

Ranar tafiya Tabawa ta yi tuwon sallama, aka shimfiɗa tabarmi a inuwar motar, dattawan gari suka zauna. Kawu ya dafa kafaɗar Nomau ya ce, "Jama'a ku shaida, daga yau wannan shi ne hannun damana." Nomau ya ji maganar har cikin ransa. Ya tashi ya wanke hannu a famfon mota, ya dawo ya durƙusa a gefen Kawu na dama, ya gutsuro tuwo, ya mulmula, ya dangwalo miya, ya kai bakin Kawu.

Kawu ya dubi lomar, ya dubi dattawa, ya dubi fuskar Nomau da ke sheƙi don alfahari. Sai ya gyara zama ya buɗe baki.

"Ƙaro miya," in ji shi.