Sakatare Ya Je Sayen Kwamfuta

Duk faɗin birnin El Alto ba a taɓa yin mai ilimi kamar Dokta Fulgencio Tarqui ba, kuma shi da bakinsa ya sha tabbatar da haka. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi doktan. An dai wayi gari ya buga a kati, mutane kuma suka ga kiransa da shi ya fi sauƙi a kan tsayawa sauraron bayani.

Shekara goma sha ɗaya yana sakataren ƙungiyar mata masu kunun masara a bakin tasha. Mata tamanin da huɗu, shi kaɗai namiji, shi kaɗai ba ya sayar da komai. Biro huɗu ne a aljihun kwat ɗinsa. A bayan idonsa suna ce masa Dokta Sa-Hannu, domin iyakar rubutun da suka taɓa gani ya yi ke nan. Sauran aikin wani tsoho mai tafireta a ƙofar kotu ke yi masa a ɓoye, tsohon kuwa ya tattara ya koma ƙauye tun bara.

Sai hukumar gari ta fitar da sanarwa: kowace ƙungiya ta aiko da sunayen 'ya'yanta ta kwamfuta kafin azahar ɗin Litinin, wadda ba ta aiko ba a ba wasu wurinta. Shugabar matan, Doña Herminia Callisaya, ta kwance bakin mayafinta ta damƙa masa kuɗin ƙungiya.

"Sayo kwamfuta mai aiki, Dokta. Ba mai kyau na ce ba."

Ranar Alhamis ya shiga kasuwa da takun mai buɗe asibiti. A rumfar wani mai sayar da na'urori, Don Nicasio, ya tarar da guda biyu. Ɗaya 'yar ƙaramar kwamfutar cinya ce ta gwanjo, an ɗaure murfinta da salatif, haruffa biyu sun goge don shan yatsa. Ɗayar ta tafin hannu ce, baƙa, siririya, tana sheƙi.

"In sunaye za ka buga, ɗauki tsohuwar nan," in ji Don Nicasio. "Mummuna ce, amma ba ta san gajiya ba. Kamar surukata."

Dokta ya gyara tabarau. "Bawan Allah, ƙungiyar da nake wakilta ta fuskanci gaba. Tarihi ba zai yafe mini ba in na shiga ofishin hukuma rungume da tarkacen da wani ya gama yayinsa."

Jawabin ya yi kyau, har mai gasa nama a gefe ta daina fifita. Gaskiyar maganar kuwa ƙarama ce. Tsohuwar in an buɗe ta fuskarta a tsaye take, duk wadda ta zo ta bayansa da kofin kunu za ta ga yatsansa na yawo yana neman harafi. Ta hannun kuwa ana iya karkato ta zuwa ƙirji, ba mai ganin abin da ke ciki sai mai ita. Ita ya saya.

Kwana uku ya yi yana zaga tasha da ita. Ya tsaya inda ake ganinsa, ya ɗaure fuska, ya dangwala, ya gyaɗa kai. In an tambaye shi ya ce, "Ana kan mataki na biyu." A gida kuwa gumi yake duk da sanyin garin. Yatsansa ɗaya na danne haruffa uku. Ya taɓa nan ta yi kiɗa, ya taɓa can ta yi walƙiya.

Ranar Asabar dabara ta zo masa, irin wadda sai masu zurfin karatu. Sabon abu ai ba a fara aiki da shi sai an yi masa ch'alla, bikin yayyafa giya, an ɗiga wa Pachamama, uwar ƙasa, rabonta. In kuwa garin girmama uwar ƙasa na'ura ta sha ta mutu, wa zai ga laifin sakatare?

Lahadi da hantsi matan suka taru da furanni da kwalaben giya, har Don Nicasio aka gayyato. Aka ɗora kwamfutar a kan zanen saƙa. Kowace ta ɗiga kaɗan a ƙasa, ta tsoma yatsa ta yarfa a gefe, yadda aka saba. Dokta ya karɓi kwalba cikakkiya.

"Iyayena mata! Sunayenku tamanin da huɗu suna cikin nan, na kwana ban runtsa ba a kansu. Aiki irin wannan ba a yi masa rowar albarka!"

Ya tuntsurar da kwalbar gaba ɗaya a kanta. Matan suka saki salati irin nasu. Shi kuma ya riga ya shirya fuskar makoki, har ya fara lalubo hankici.

Kumfa ta kwanta. Fuskar kwamfutar ta kawo haske tangaram.

"Kun gani ko?" Don Nicasio ya daka tsalle. "Irin wadda ruwa ba ya shiga ce! Ko a tafkin Titicaca ka jefa ta, Dokta, za ta fito tana aiki!"

Kafin Dokta ya miƙa hannu, Doña Herminia ta ɗauke ta, ta goge da gefen siket. Kawuna suka haɗu a kanta. Hotuna suka fara gani, guda arba'in da ɗaya, duk na ƙofofin hancin Dokta daga ƙasa. Sannan takardar sunayen. Doña Herminia ta karanta da ƙarfi, a hankali, ba ta tsallake komai ba:

"Lamba ɗaya. Dokta Fulgencio Tarqui, Babban Sakatare."

Ta ja yatsa ƙasa. Ta sake ja. Fari fat.

"Comadre, 'yar'uwa, ina sauran?" wata ta tambaye ta daga baya.

"Suna mataki na uku," in ji Doña Herminia.

Ba wadda ta zage shi. Doña Herminia ta zauna a kan akwatin kwalabe, ta ce kowace ta zo ta faɗi sunanta, ta shiga dangwalawa da ɗan yatsanta mai kaushin wankin tukunya. Kafin la'asar an aika tamanin da huɗu. Dokta na tsaye a gefe, takalminsa na warin giya, ya yi gyaran murya ya ce a ƙa'idar aiki dole sakatare ya sa hannu.

Doña Herminia ba ta ko ɗago ba.

"Wannan ba ta da wurin sa hannu, papito, ɗan baba. Kai ka zaɓo ta."