Ragon Garkuwan Guguwa

Faɗan Gwaggo Haulatu da Alhaji Mainasara a kan randa ya fara. Katangar gidan Gwaggo ita ce katangar filin ƙwallo na ƙungiyar Guguwar Daura, kuma 'yan wasan Guguwa, Allah ya ba su baiwa, sun fi sanin hanyar tsakar gidanta a kan hanyar raga. Wata la'asar ƙwallo ta tsallako, ta dira a kan randar da Gwaggo ta gada wajen uwarta, ta raba ta biyu. Gwaggo ta ɗauki ƙwallon ta fito zaure, ta zauna, ta ajiye wuƙar yankan kuɓewa a gefe, ta jira mai zuwa biko.

Wanda ya zo kuwa ba ƙaramin mutum ba ne. Alhaji Mainasara ne da kansa, shugaban magoya baya, turarensa ya riga shi shigowa, babbar rigarsa ta biyo shi a baya. Ya gyara murya kamar mai shirin yi wa gari guda jawabi.

"Gwaggo, ki gode wa Allah. Randuna nawa suka fashe a garin nan a banza, ba wanda ya san da zamansu? Taki ta faɗi ne a hidimar wasanni. Tarihi ba zai manta da ita ba."

"Tarihin ne zai ba ni ruwan sanyi?" in ji Gwaggo. "Mainasara, ranar sunanka ni na dama kunu. Kuka ka yi tun hantsi har azahar, aka duba ka ko'ina, ba abin da ke damunka. Na ga har yau ba ka canja ba."

Nan take ya yi mata alkawarin randar zamani mai famfo. Randar nan har yau tana hanya, Allah ya kawo ta lafiya. 'Yan wasan ne washegari suka ɗauko wata daga kasuwa, kyaftin ɗinsu Jafaru ya durƙusa ya ba ta haƙuri. Tun daga ranar Gwaggo ta riƙa hawa rufin soro duk ranar wasa, inda take shanya barkono, wai don ta tsare kayanta daga ƙwallo. Tsaron kaya ya zama kallo, kallo ya zama ciwo. Ba ta san dokar wasa ba, amma ta san na gida rawaya suke sawa, kuma in aka zura musu, tuwon dare ba ya shigar mata.

To amma wace ce Gwaggo a gaban Alhaji Mainasara in ana batun son Guguwa? Wannan bawan Allah kayan babur yake sayarwa a bakin tasha, amma wannan ai don ya taimaki jama'a ne kawai. Aikinsa na gaskiya shi ne biyayya. Shi ya naɗa kansa Garkuwan Guguwa, shi ya taya kansa murna, kuma saboda tawali'u bai gayyaci kowa wajen naɗin ba. Hularsa rawaya, takalminsa rawaya, har carbinsa rawaya. Ba ya shiga fili sai an fara wasa, don kada mutane su raba hankali tsakanin neman kujera da kallon shigowarsa. Ilminsa na ƙwallo kuwa teku ne. Shawara ɗaya yake ba koci tun da aka san shi: "A buga gaba." Matan unguwa suna kiransa Alhaji Lasifika. Da labari ya kai masa, ya ce ai lasifika a saman masallaci ake ɗora ta.

Kakar bana Guguwa ta ɗan taɓa abin kirki da farko, sannan ƙafa ta tsaya. A je waje a sha kashi, a dawo gida a yi canjaras, wani lokacin ma a bi su har gida a dake su. Samari suka watse zuwa gidajen kallo, suna ta da jijiyar wuya a kan Turawan da ba su san akwai wani gari Daura ba. Masu ganga suka koma bukukuwa. Mai rake ma ya ɗauke baro ya bar ƙofar fili. Aka bar 'yan tsiraru, da Gwaggo a kan soro, da Garkuwa a kujerar gaba.

A wannan hali ne Alhaji Mainasara ya yi abin da ya girgiza gari. Ya shigo fili janye da wani ɗan rago fari, ramamme, an ɗaura masa ƙyalle rawaya a wuya. Ya tsaya a tsakiyar fili ya ɗaga hannu.

"Jama'ar Daura, ku shaida. Wasu sun gudu, ni ban gudu ba. Rijiyar Kusugu za ta ƙafe kafin son Guguwa ya ƙafe a zuciyata. Wannan ragon na 'yan wasa ne. Duk ranar da suka ci wasa, a ranar za a yanka shi, ko da ni ina kan gadon asibiti. Na faɗa, ba na janyewa."

Aka tafa. Aka ɗauka a waya. Kafin magariba duk gari ya san da ragon, aka sa masa suna Alkawari.

Sai dai gidan Alhaji tayil ne har ƙofa, ba a yi shi don kashin dabba ba. Saboda haka aka kawo wa Gwaggo Alkawari ajiya, tunda ita ce kusa da fili. Ta so ta ce a mayar masa da abinsa, ya ɗaure shi a jikin randa mai famfo. Amma ta tuna yaran nan da take gani suna jiƙa gari da ƙuli-ƙuli bayan atisaye, ƙashin wuyansu a waje. Ta karɓi igiya. Ta ce a ranta, in dai nama zai shiga cikinsu, to ya zama naman kirki.

Ta shiga kiwo kamar mai rainon jika. Dusa da kanwa da safe, harawa da rana, ɓawon kankana in an samu. Guguwa na ramewa, Alkawari na cika. Ƙaho ya murɗe, wuya ya yi kauri, ya fara tafiya yana rangaji irin na ubangidansa. Duk ranar wasa a fito da shi, Alhaji ya zagaya fili da shi, yara na bi. Mutanen da suka daina zuwa kallon ƙwallo suka dawo kallon rago. Gidan rediyo suka kira Alhaji hira, ya yi bayanin biyayya har aka katse shi da talla. A wajen ɗaurin aure ana matsa masa tabarma, ana cewa ga mai ragon nan. Bai taɓa samun girma da araha haka ba: ragon na nan, sunan kyauta na nan, dusa kuma ta Gwaggo.

Gwaggo ce ta fara lura da wani abu. Daga kan soro ana ganin fuskar mutum ba tare da ya san ana gani ba. Duk ranar da aka ci Guguwa, Garkuwa yakan fito fuska a sake, ya dafa kafaɗar Jafaru, ya ce, "Haƙuri, 'ya'yana. Nasara ba a yi mata gaggawa." Daga nan ya zarce wajen mai tsire. Ranar kuwa da suka kusa ci, ƙwallo ta daki ƙarfe ta dawo, sai ta gan shi ya sauke ajiyar zuciya yana shafa ƙirji.

Babbar Sallah ta matso. Wani dillalin dabbobi daga Mashi ya biyo Alhaji har ƙofar Gwaggo, ya taɓa gadon bayan Alkawari, ya ɗaga jelarsa, ya buɗe bakinsa, sannan ya raɗa wa Alhaji wata magana a kunne. Gwaggo ba ta ji maganar ba, amma ta ga maƙogwaron Alhaji ya hau ya sauka. Da dillali ya tafi, Garkuwa ya rage murya, abin da ba a taɓa jin ya yi ba.

"Gwaggo, na yi nazari mai zurfi. Kitse ba ya yi wa ɗan wasa kyau, masana sun tabbatar. Akwai wani ɗan akuya a wajena, namansa sauƙi gare shi. In an ɗaura masa ƙyallen nan, ai niyya ɗaya ce."

"Ɗan akuyan ne ka ɗaga wa hannu a tsakiyar fili?" in ji Gwaggo. Ta ja ragon ciki, ta sa sakata.

Wasan ƙarshe ya zo, da wata ƙungiya daga kudu. Lissafin ba wuya, har Gwaggo ta riƙe shi: in Guguwa ta ci, ta tsira. In ta yi canjaras ko aka ci ta, ta faɗo daga rukuninta, kuma mai ƙungiyar ya riga ya ce in ta faɗo, kowa ya kama gabansa. Jafaru zai koma acaba, sauran su bazu, fili ya zama wajen shanyar dawa. Gwaggo ta hau soro tun kafin la'asar, ko barkonon ba ta kwashe ba.

Fili ya cika ranar. Garkuwa ya yi zagayensa da rago, ya yi jawabi cewa shi ko yau aka ce ya ba da ransa, sai dai a nuna masa inda zai kwanta. Ya zauna, ya sa aka ɗaure Alkawari kusa da ƙafarsa.

Bayan hutun rabin lokaci, abin da ba a saba gani ba ya faru. Jafaru ya sa kai, ƙwallo ta manta hanyar gidan Gwaggo, ta shiga raga. Fili ya ɗauka. Gwaggo ta rangaɗa guɗar da rabonta da ita tun auren autarta. Alhaji Mainasara ma ya tafa, a hankali, kamar mai kashe sauro a jikin jariri. Daga nan ya fara zufa. Ya cire hula ya mayar. Ya dubi agogo, ya dubi rago, ya dubi agogo. Carbi na gudu a hannunsa, mutanen kusa suna cewa dubi bawan Allah, addu'a yake yi wa yara.

Saura ƙiris a tashi, baƙi suka kawo hari. Aka yi cakwakiya a gaban raga, ƙwallo ta kuɓuce wa mai tsaron gida, ta gangara ciki. Fili ya mutu. Ko tari babu. A cikin wannan shirun ne aka ji murya ɗaya, muryar da duk Daura ta sani, ta tashi har kan soron Gwaggo.

"Alhamdu lillahi!"

Garkuwan Guguwa ne a tsaye, hannu biyu a sama, babbar riga ta baje, haƙora duk a waje. Dubun idanu suka juyo kansa. Sai bayan nan mai tutar gefe ya ɗaga tutarsa: satar gida. Alƙalin wasa ya soke ƙwallon. Hannun Alhaji na nan a sama, ya rasa yadda zai sauke su.

Amma babban mutum ba ya rasa bayani. "Na riga mai tuta gani ne," in ji shi, yana waige-waige. "Ido ne na gwaninta. Ku ba za ku gane ba."

Aka busa tashi, Guguwa ta tsira. 'Yan wasa suka zube a ƙasa, wasu na kuka. Jama'a suka ɗauki Jafaru a kafaɗa, wasu kuma suka kwance Alkawari, ba tare da sun nemi izinin ubangidansa ba, suka nufi ƙofar Gwaggo da shi. Mahauci ma, ashe, tun hutun rabin lokaci yake wasa wuƙa.

A gindin darbejiyar ƙofar gidan aka cika alkawari. Kitse ya yi kitse. Gwaggo ta fito da babbar tukunya, maƙwabta suka kawo itace, ƙamshi ya kai har tasha. Yaran suka ci har suka jingina da bango. Alhaji Mainasara ya iso a makare, yadda ya saba, sai dai yau ba wanda ya matsa masa tabarma. Duk da haka ya gyara riga ya fara: "Kamar yadda na daɗe ina hangowa..." Mutane suka ci gaba da tauna.

Gwaggo ta fito daga zaure da igiyar ragon a naɗe, da ɗan ƙyallen rawaya. Ta kamo hannunsa ta damƙa masa, a gaban kowa, cikin ladabi.

"Ga kayanka, Garkuwa, kada tarihi ya manta da su. Na daɗe ina kallonku daga sama, kai da marigayin. Duk filin nan ku biyu ne kaɗai ba ku so yaran nan su ci ba. Shi dai na yi masa uzuri, Mainasara. Wuyansa ne a ciki."