Gada Tana Nan, Rafi Ne Ya Yi Ƙaura

Yau da hantsi na sha ruwan rafi har ya fito mini ta hanci, kuma ba iyo na je koyo ba. Ni da maƙwabcina Haladu ne muka je janyo tubalin gadarmu da ruwa ya tafi da shi. Shi yana bakin gaɓa riƙe da igiya yana ba da umarni sai ka ce injiniya, ni ina ciki ina turawa, sai santsi ya kwashe ni. Hulata dai ta yi gaba, Allah ya sada ta da mai rabo.

Na san mai karatu zai ce, yaya tubalin gada ya kama yawo? Yi haƙuri in ɗauko maka daga tushe.

Ƙauyenmu na nan tsakanin Gwarzo da Kabo, inda in ka yi atishawa a babur sai ka wuce shi. Kakanninmu sun sauka ne a gindin wata tsamiya saboda rafi na bi ta ƙarƙashinta. Nan suka haƙa rijiya, suka kafa masallaci. A zamanin kakana aka yi wata damina mai fushi, rafi ya fasa ta gabas ya sake hanya, ya bar tsamiya da busasshen kwari. Masu noman rani suka bi fadama, suka haye suka kafa Unguwar Tsallake. Tun daga nan masallacin Juma'a da ɗakin shan magani da hanyar mota suna ɓangarenmu, albasa da tumatir da rabin danginmu suna can. Da rani a taka yashi a wuce. Da damina kuwa sai goyo, babba da yaro, mai rawani da mai hular sanyi.

Shekarun baya Allah ya kawo mana Mai Girma Sarkin Alkawari, ya ce zai zo da kansa ya aza harsashin gada. Muka yi taro kan inda za a sauke shi. A bakin rafi babu inuwa ko ta kara, ga yashi mai cin tayar mota. Dattawa suka ce baƙonka annabinka, ba a tsayar da babban mutum a rana. Sai muka share gindin tsamiya, inda ake tarbar baƙi tun na kaka, muka kafa rumfa. Mai Girma ya zo, ya sha fura, ya karɓi cebur, ya ɗora tubali nan inda yake tsaye. Muka yi tafi har hannu ya yi zafi, nawa ya fi na kowa ƙara.

Da ɗan kwangila ya iso da siminti, Haladu ya ce masa, "Yallaɓai, ai ruwan can yake bi."

Ya ce, "Malam, ni ba ruwa aka ba ni kwangila ba. Inda tubali yake, nan gada take."

Kuma tsakani da Allah ya yi aiki. Gada ce kyakkyawa, ruwa bai taɓa cin ta ba, don bai taɓa ganin ta ba. A kanta mata ke shanya barkono, a ƙarƙashinta awaki ke hutun azahar. Wane ƙauye ne a yankin nan awakinsa suka samu irin wannan gata?

Wadda abin bai ba dariya ba ita ce Inna Uwaliya, yayar mahaifiyata, da ke zaune a Tsallake. Ƙafa na damunta, duk wata sai an kawo ta karɓar magani, kuma duk damina a bayan jikokinta take haye ruwa. Bara ta rantse an gama goya ta. Ta ce ita ta goyi rabin garin nan, ba za ta ƙare rayuwa a bayan yara kamar buhun masara ba. Muna dariya, amma wallahi maganar ta sosa mini zuciya, don wata uku ta yi ba magani.

Da ranin bana, kakar zaɓe ta matso, aka ce wani ɗan takara, Garkuwan Talakawa, zai kawo mana sabuwar gada. Dattawa suka soma cewa a share gindin tsamiya. Ranar taron Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar yashin rafi, daidai mahayi, ta zauna da laima da carbi, ta aika a gaya wa baƙo cewa tsohuwar gari ba ta iya tashi.

To, mai neman ƙuri'a ya isa ya ƙi gaida tsohuwa? Haka ya bar mota, ya tako da jama'arsa, ya tuɓe takalmi a kan yashi mai zafin kasko, ya durƙusa.

"Inna, ina wuni?"

"Lafiya lau, ɗan nan. Ya hanya? Ya iyali? Ya mutanen birni? Ya tsofaffi?"

"Lafiya, Inna, Alhamdu lillahi."

"Ya kuma haƙuri da jama'a? Ai ban ji ka faɗi lafiyar yara ba."

Sai da ta tambayi kowa har masu gadi, shi kuwa yana sauya ƙafa kamar mai taka rawa. Da ya ga ba tashi, ya ce a miƙo cebur. Nan take aka ɗora tubali, aka liƙa masa allo mai rubutu. Da tsohuwar zuma ake magani.

Saura gada. An ce kwamiti na dubawa, mu ma muna duba kwamiti. Ruwan farko ya sauka, rafi ya kawo, ya tumɓuke tubalin ya mirgina shi har bayan gonar Halilu, wani mai noman rani a gangare. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Mun san ƙa'idar ɗan kwangila, shi ya sa yau muka janyo shi muka mayar mazauninsa, muka ɗaure shi da igiyar shanu a jikin turke. Inna na tsallake tana kallo, ta ɗaga murya ta ce, "Ku ƙara ƙulli! Ba na son in farka in ji gadata ta tafi Kano."

Ku kuma 'yan'uwa na gangare, in kun ga tubali mai rubutu ya iso muku, ku ji tsoron Allah ku dawo mana da shi. Hular kuwa na bar muku, kwamiti ya duba.