Baitin da Ya Cinye Waken Karare

Shekarar da aka turo ni Karare koyar da Hausa, Lawal malamin gona ya same ni a gindin darbejiyar makaranta. Ya ce an kawo buhun ajiyar wake mai leda a ciki, in an ɗaure shi tam ƙwari su mutu don rashin iska, amma manoma sun ƙi sauraronsa. "Kai mai waƙa ne, ka sa mini shi a baiti."

Na karɓa da ƙasaita. Ya fara dogon bayani, na ɗaga masa hannu na ce kimiyya tasa, hikima tawa.

Waƙa ta yi daɗi, sai dai baitin ƙarshe ya ƙi cika. Ga tausayin waken da aka toshe ya kama ni, sai na rufe da cewa duk Juma'a a kwance buhu, wake ya sha iska. Ban nuna wa Lawal ba. Na rera wa yara a aji suka ɗauka, mata suka riƙa daka da ita.

Kafin bazara surukina, da yake a garin na yi aure, ya aiko kirana. Na tarar da shi gaban buhunsa, wake ya koma gari, ƙwari na ta shawagi. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Malam, sun sha iskar, suna godiya."

Lawal ya bi gida-gida yana warware baitina. Yau na yi furfura, ina kewar garin nan. Amma ko yanzu in na shiga kasuwar Batsari da ke kusa da Karare, sai wani ya ƙwalla daga rumfa: "Malam Sha-Iska, Juma'ar nan mu kwance?"