Yadda Za Ka Gyara Kofin Tangaran Na Surukarka Kafin Matarka Ta Dawo

Ɗan'uwa, idan kana karanta wannan rubutu da gutsuren tangaran a tafin hannunka, zufa na bin bayanka, to kwantar da hankalinka, ka zo inda ya dace. Matakai bakwai ne kacal, kuma ina ba ka tabbacin cewa idan ka bi su ba tsallake, kofin zai koma kamar yau aka ciro shi daga kwali. Ka lura da kyau, kofi na ce. Ban yi maka alkawarin komai a kan sauran al'amuran gidanka ba.

Ba da ka nake magana ba. A gabana aka gwada hanyar nan, a gidan maƙwabcina da duk layinmu ke kira Injiniya tun ranar da ya kwaɗa wa fankar ofishinsu mari ta ci gaba da juyawa. Aikinsa na gaskiya buga hatimi ne a kan takardu. Matarsa, Maman 'Yan Biyu, ta kwashi yaran ta tafi gidan yayarta na kwana biyar, ta bar masa gida amana. A falonsu akwai kabad na gilashi, a hawansa na sama kuma akwai wani kofin shayi fari mai zanen shuɗin fure, bakinsa da ruwan zinariya, marar kauri har kana hango inuwar yatsanka ta cikinsa. Na mahaifiyarta ne, Allah ya ji ƙanta. Da aka zo rabon kaya kowa ya ɗebi abin da ya ɗiba, ita kuwa wannan kofi kaɗai ta ce a ba ta. Shekara shida ke nan ba wanda ya sha ko ruwa da shi.

Mataki na 1: Ka fasa shi

Mutane da yawa suna tsallake wannan mataki, shi ya sa ba sa ƙwarewa. Hanyar mai sauƙi ce: ka yi kwana biyu ba ka wanke ko cokali ba. Ka sha shayi da kofinka, ka sha da na madam, ka sha da na yara masu hoton zomo, ka sha da murfin fulas. Safiya ta uku za ka tsaya gaban tulin wanke-wanke, ka dube shi, ya dube ka, sai zuciyarka ta tuna maka da kabad.

Haka Injiniya ya yi. Ya ce a ransa sau ɗaya ne tak, kuma ai kofi don shan shayi aka yi shi. Ya zuba, ya kurɓa, har ya lumshe ido don daɗi. Sai waya ta yi ƙara a aljihunsa, ya miƙa kofin ga gefen tebur, a daidai inda tebur ya riga ya ƙare.

Tangaran mai kyau ba ya ƙara sosai idan ya fashe. Wata 'yar siririyar ƙara yake yi mai daɗin ji, wadda za ka daɗe kana jin ta a kunnenka.

Mataki na 2: Nemo wanda za a ɗora wa

Kada ka taɓa komai tukuna, ka zauna ka yi nazari. Yara su ne zaɓi na farko, amma na Injiniya suna can gidan yayar uwarsu, kuma ko shi bai kai ga ƙarfin halin cewa sun fasa kofi daga can ba. Kyanwa ita ce ta biyu, sai dai ba su da ita, kuma samo kyanwa a yau a koya mata buɗe kabad da mabuɗi aiki ne mai cin lokaci. Ya yi tunanin iska, ya yi tunanin girgizar ƙasa, har ya leƙo ta katanga ya tambaye ni ko na ji gidana ya ɗan motsa da safe.

Idan ka ƙirga kowa ka ga saura kai kaɗai, ka wuce mataki na gaba da sauri.

Mataki na 3: Tattara gutsattsarin

Ban da tsintsiya. Durƙusawa za ka yi ka tsince su ɗaya-ɗaya, ka jera a kan farin tawul. Injiniya ya sami guda tara da mariƙi, ya haɗa su a hannu ba gam, komai ya zauna daram, sai wani ɗan gibi a baki wanda bai wuce ƙwayar shinkafa biyu ba.

A nan ake gane namijin gaske. Ya janye firji, ya ɗaga kafet, ya kwance bututun wurin wanke-wanke. Ya share kicin kaf, ya tankaɗe ƙurar da rariyar madam. Ya sami ɗan kunne ɗaya, murfin biro uku da wani mabuɗi da aka yi rigima a kansa bara, amma ɓallin nan ko alamarsa. Har tafin ƙafarsa ya duba da madubi.

Mataki na 4: Nemi shawarar masana

Masana suna nan ko'ina, musamman waɗanda ba su taɓa riƙe tangaran ba. Direban ofishinsu ya ce a dafa shi cikin madara, da kansa zai haɗe. Mai shagon kan kwana ya ce farin ƙwai da tafarnuwa. Ni, da yake na fi su ilimi, na ce sufagulu.

Ya dafa cikin madara, ya sami gutsattsari tara masu ɗumi da ƙarni. Sai ya koma ga shawarata. Abin da ba a rubuta a jikin sufagulu ba shi ne, ya fi son fatar mutum a kan tangaran. Cikin minti biyu mariƙin kofi ya manne a babban yatsansa na dama, wani gutsure mai fure kuma ya kama na hagu. A daidai lokacin Maman 'Yan Biyu ta kira, kiran bidiyo.

Da haɓa ya amsa.

"Baban 'Yan Biyu, lafiya nake ganin silin?"

"Lafiya lau. Motsa jiki nake yi, hannuwana na baya."

"Kai ɗin? To Allah ya ba da sa'a. Kana dai cin abinci ko? Muryarka wani iri."

"Kewa ce."

Ta yi dariya, ta ce jibi da yamma suna hanya. Da ta kashe, ya daɗe zaune da hannuwa a sama. Ya gaya mini daga baya cewa ba faɗanta yake tsoro ba, don ba mai faɗa ba ce. Fuskarta yake tunawa ranar da ta shigo da kofin nan naɗe cikin mayafi, ta ƙi bari kowa ya karɓar mata.

Mataki na 5: Kai wa mai abin abinsa, amma kada ka bari ya yi magana

A bayan layin masu gyaran agogo akwai wani shago da bai fi faɗin tabarma biyu ba, na wani dattijo da ake kira Baba Mai Tangaran. Kantocinsa cike suke da butocin shayi marasa hanci da farantai masu ɗaurin salatif. Ya dubi hannuwan Injiniya ta saman tabarau, ya jiƙa auduga da man goge jan farce, ya raba shi da kofin a hankali.

"Wa ya ba ka shawarar wannan gam ɗin?"

"Wani ne, Baba."

"Ka rage zama da shi."

Ban riƙe shi a zuci ba. Dattijon ya wanke kowane gutsure, ya kankare busasshen gam da reza, ya jera su ba gam ya ga wanda zai riga wani shiga, don in ka fara da na sama, na ƙasa ba zai sami ƙofa ba. Ya kwaɓa nasa gam ɗin, yana ɗiba da tsinken sakace, ɗan mitsitsi kamar mai rowa. Ya kafa gindin kofin cikin akwatin yashi don ya tsaya yadda yake so. Da ya zo kan baki sai ya dakata, ya shafa gibin nan da yatsa, ya sake shafawa.

"Yaro, wannan gibin kuwa…"

"Na sani, Baba, ɓallin ne ya ɓata. A cike shi kawai, a shafa ruwan zinariya."

"Ka tabbata jiya ya fita? Bakinsa ya yi santsi."

"Baba, shekara goma sha ɗaya ina auren mai kofin nan. A cike."

Dattijo ya ɗaga kafaɗa ya ce ya dawo jibi da hantsi. Ka koyi darasi a nan: gwani yakan so ya yi maka bayani, kai kuwa sauri kake yi. Ka tare shi da yawan shekarun aurenka, zai yi shiru.

Mataki na 6: Mayar da shi, ka gyara fuska

Ranar da ya karɓo, Injiniya ya kira ni in gani. Wallahi aiki ya yi kyau. Na juya kofin a rana ban ga tsaga ko ɗaya ba, furanni sun haɗu, bakin nan ya zagayo sumul. Ya ajiye shi daidai kan zoben da ƙura ta bari, mariƙi na kallon dama kamar yadda yake.

Sai ka yi wanke-wanke, amma kada ka ƙure. Mijin da aka dawo aka tarar ya goge har bayan firji, shi da kansa ya kai ƙarar kansa. Injiniya ya bar tukunya ɗaya da ƙanzo don kawar da zargi. Suka dawo, yara suka haye shi, madam ta ga tukunyar ta girgiza kai, ta wuce ta gaban kabad ba ta ko waiwaya ba. Ya turo mini saƙo: "An wuce wurin."

Mataki na 7: Ka ji daɗin nasararka, tana iya kai wa har safiya

Washegari yana ɗaura agogo zai fita, ya ga abin da bai taɓa lura da shi ba, don kullum a lokacin idonsa na kan waya. Ta buɗe kabad, ta ɗauko kofin, ta zagaya bakinsa da babban yatsa kamar mai gaisuwa. Ta sake zagayawa. Ta zagaya na uku a hankali.

"Baban 'Yan Biyu, ina kofin Mama?"

"Ga shi a hannunki."

"Wannan ba shi ba ne. Na Mama yana da gibi."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ɗauka ya yar da na uwarta ya sayo mai kama da shi. Ganin haka ya sa Injiniya ya zubar da duk dabarar da ya tanada, ya zauna a hannun kujera ya faɗi komai, har madarar.

Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ina 'yar shekara bakwai na ɓalgace shi. Cikin shida ne da Babanmu ya kawo wa Mama daga tafiya, yana ji da su. Da ya tambaya, Mama ta ce ita ce ta buga shi da famfo. Daga ranar ta riƙa ba baƙi masu lafiyar, ita tana sha da wannan, shekara talatin. Ba ta taɓa tayar mini da maganar ba, sai dai in mun haɗa ido ta ɗan juyo mini da gibin." Ta dubi bakin kofin da ya yi sumul. "Fashewa ai ƙaddara ce. Amma kullum da safe ina taɓa wurin nan a gabanka, ba ka taɓa tambayata dalili ba."

Injiniya ya ce da ta jefe shi da kofin da ya fi masa sauƙi. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji ba, da tausayinta. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "In ɗauko filaya?"

"Ka taɓa shi ka gani."

Ranar bai je ofis ba. Tare suka tafi bayan layin masu agogo, kofin na naɗe a cinyarta. Baba Mai Tangaran ya gan su, bai yi mamaki ba.

"'Yata, ai na san za a dawo. Ban taɓa yin cikon da ba ya cirewa ba."

Ya sa bakin reza, ya ɗan taɓa sau biyu, cikon ya faɗo kan tebur. Ta ɗora yatsanta a gibin, ta tsaya haka, hawaye na zuba ba sauti. Maza biyu suka duƙufa kallon wata butar shayi marar hanci kamar ba su taɓa ganin irinta ba.

Da ta share fuska sai ta ce, "Baba, fentin da ka rufe tsagar da shi, shi ma yana fita?"

"Yana fita."

"To a cire, a bar layukan kowa ya gani. Gibin nawa ne da Mama. Waɗannan tara kuma nasa ne."

Sanarwar wanke hannu

Marubucin wannan jagora ya yi alkawarin kofi zai koma kamar sabo, kuma ya koma, na kusan kwana ɗaya. Ba ruwansa da yatsun da suka manne, ko madarar da aka yi asara, ko bututun da har yau yake ɗiga. Ba shi da alhaki idan duk baƙon da ya shigo falonka sai 'ya'yanka sun ja shi gaban kabad sun ƙirga masa layuka tara, suna faɗin sunan mai aikin. Haka nan kada a neme shi idan aka wayi gari matarka ta fara ba ka labarin mahaifiyarta kullum da safe, kai kuma ka ajiye waya kana saurare, har ka riƙa makara ofis. Duk mai ƙorafi ya kai wa Injiniya, amma kada ya je kafin ƙarfe tara, don ba zai same shi a kan teburinsa ba.