Ranar da Na Yi wa Gunkin Madam Wanka

Ba zan taɓa mantawa da ranar nan ba, ko da tsufa zai kwashe mini sunayen jikokina. Ni da na baro Maraɗi da furfurata na zo Riyadh aikatau, abu ɗaya nake taƙama da shi, shi ne tsafta. Matan da muke haya tare a unguwar Manfuha sun san in na wanke tukunya, mutum na iya duba fuskarsa a gindinta. Wannan sunan ne ya samo mini aiki a unguwar Ulaya, gidan wata nas 'yar ƙasar Thailand da nake kira Madam, kuma ban da shi ba ni da komai a garin nan.

Ranar, Madam ta tafi asibiti. Na taka kujera zan share saman kabad, sai ga wani ɗan akwati mai ƙofa. Na buɗe. Mutum-mutumi ne na tagulla, ya tanƙwashe ƙafa, ido a lumshe, hannu ɗaya na taɓa ƙasa. A gabansa ɗan kofi da ruwa da fure. Jikinsa kuwa duk ɓawo-ɓawo kamar takardar alewa ta manne masa, bayansa ma ya fi muni.

Raina ya ɓaci. Na ce mace mai ilimi, mai farin kaya, ta bar kayan ado cikin wannan ƙazanta? (Ni a zatona ado ne. Wa ya gaya mini? Ba wanda ya gaya mini!) Na sauke shi, na kai banɗaki, na dire a ƙasa. Na kawo lemun tsami da gishiri da soson ƙarfe, na dirje shi ciki da bai. Har waƙa nake yi, jama'a.

Da Madam ta dawo, na ɗaga mata shi yana ƙyalli, na ce da Larabci, "Shuf, Madam! Nazif!" Wato duba, ya fita tsaf.

Jakar hannunta ta faɗi. Ta ce, "Mama, lesh? Me ya sa?"

Da guntun Larabcinta da guntun nawa ta fahimtar da ni. Buda ne, abin bautarsu. Ba a aje shi a ƙasa, ba a kai shi banɗaki, da tattausan ƙyalle kawai ake goge shi. Ta ɓoye shi ne don a garin nan ba a baje irin wannan a falo. Ɓawon da na kankare kuwa ganyen zinariya ne, mahaifiyarta ce ta riƙa manna masa da yatsanta, na baya kuma don alherin da ba a so kowa ya gani. Mahaifiyar ta rasu.

Innalillahi! Ni Hajiya guda, na yi sallar walha na zo na yi wa gunki wanka da waƙa, kuma na tura sawun hannun uwar mutane cikin rariya. Na so ta zage ni. Na so ta ce halas, aiki ya ƙare, kama hanya, in samu wanda zan yi fushi da shi. Ta ƙi. Durƙusawa ta yi tana tsintar ɗan abin da ya maƙale a bakin rariyar. Ni ma na durƙusa, da gwiwoyin nan nawa, muna tsinta tare.

Aiki dai bai tafi ba. Suna ne ya tafi, kuma bakina ne ya sayar da ni, don da kaina na ba maƙwabciyata Rabi labari. Har yau in na shigo gida sai ta ɗaga murya: "Sannu da aiki, mai wankan gunki! Ya ji daɗin ruwan?" Tsohuwar banza.

Yanzu ko cokali na gani da tsatsa, ba na taɓa shi sai na tambaya ko uwar wani ce ta sa masa.