Durƙuso a Gidan Dafa Giya

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Asabar ba, a bazarar da nake neman auren Ramatu.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfani a Manhattan, masu gyara wa ofisoshi kwamfuta, kuma ni kaɗai ne Musulmi a cikinmu. Tun makon farko abokan aiki suka ja ni mashaya bayan an tashi. Maimakon in buɗe baki in ce ba na shan giya saboda addinina, sai na ji kaina ina cewa gyambon ciki gare ni. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Tsoro nake ji kada a ce sabon ma'aikacin nan mai tsauri ne, a fara kallona a kaikaice. To, ƙaryar ta karɓu fiye da yadda na so. Shugabarmu Jesika, mace mai tausayi har ya yi yawa, ta ɗauki cikina ta mai da shi amanarta. Duk ranar da kamfani ya sayi abincin rana, nawa daban ake kawowa: farar shinkafa da dafaffiyar kaza, ba barkono, ba mai, ba komai. (Ni da na taso a Kano, nake yawo da ƙullin yaji a jaka. Sai na faki idonta nake barbaɗawa.)

Ita kuwa Ramatu ɗiyar Alhaji Isuhu ce, mutumin Maradi, mai kantin kayan abincin gida a Morrisania, cikin Bronx inda muke zaune. Magana ta je gabansa, bai ce i ba, bai ce a'a ba, ya ce zai yi bincike. Wanda ya zauna a unguwarmu ya san nauyin wannan kalma. Daga Grand Concourse har Soundview, kowane direban tasi ɗan rahoto ne, kowace mai kitso gidan rediyo ce. An tambayi limaminmu, an tambayi mutumin Kumasi da muke haya tare, har mai askina an tambaya. Na zama mutumin kirki na dole. Sahun gaba a masallaci nawa ne, kuma ko lemon kwalba na daina sha a titi, kada wani ya hango kwalbar daga nesa ya yi mata fassara. Ina son Ramatu ƙwarai, kuma na san kalma ɗaya mara daɗi in ta shiga kunnen mahaifinta, na rasa ta.

Ana cikin haka Jesika ta sanar cewa kamfani ya ɗauki hayar ƙaramar bas, ranar Asabar za a zagaya ƙananan gidajen dafa giya. A shekarun nan abin ya zama yayi a New York. Samari masu gemu za su kama tsohon sito, su jera tankokin ƙarfe, su dafa giyarsu da kansu, jama'a su yi ta zuwa ɗanɗano. Na tuna mata da cikina. Ta ce ai ba sai na sha ba, in zo a yi zumunci, in ga dama in sunsuna. Na tambayi inda za a je, ta ce Queens da Brooklyn. Na auna nisan a raina, na ga ba hanyar mutanenmu ba ce, na amince. Ramatu kuma na gaya mata taron ofis muke da shi.

Ranar na fito da baƙin tabarau da hular hana-sallah, na ja ta har kan gira. A gidan farko wani wari ya tarbe mu, irin na gasarar da ta kwana biyu ba a dama ba. Aka miƙo wa kowa wani katako mai ramuka huɗu kamar na dara, a kowane rami an dasa ɗan ƙaramin kofi. Wata giyar launin zuma, wata ja, wata baƙa wuluk. Mutanena suka dinga jujjuya kofi, su sunsuna, su kurɓa, su lumshe ido, su faɗi abin da suka ji. Ni kuwa na riƙe nawa katakon nesa da ƙirjina ina istigfari a zuci, idona na kan ƙofa.

Sai Maik, wanda teburinmu ke kusa a ofis, ya ce, "To kai fa? Sunsuna ka gaya mana."

Na kai hanci don a bar ni in huta. Ba abin da ya zo mini sai kunun da mahaifiyata ke damawa da azumi, na ce, "Kamar tsamiya."

Mai gidan ya buga tebur. Wai lallai sun sa tsamiya a wannan, kuma ba wanda ya taɓa ganewa sai ni. Aka yi mini tafi. Daga nan na zama hancin kamfani, kowa ya kawo kofinsa in yi masa duba. Abin kunyar shi ne na ji daɗi. A gida na biyu har da ɗaga kai ina lumshe ido, ina cewa citta, kanumfari, dabino, wato duk kayan da na saba gani a kantin Alhaji Isuhu nake jero musu. Hoto ne kawai ban yarda da shi ba. Da na ga an ɗaga waya, sai igiyar takalmina ta kwance, in sunkuya ina ɗaurewa har a gama.

Da muka koma mota na yi ajiyar zuciya, a zatona an gama. Sai na ga direba ya hau gada, ga kogi a ƙasa, ga allon hanya yana cewa Bronx. Jesika ta juyo tana murmushi ta ce ta ɓoye mana wuri na uku ne don ta ba mu mamaki, kuma ta zaɓe shi musamman saboda ni, tunda kusa da gida ne. Na zame a kujera har gwiwata ta taɓa ta gaba.

Wurin yana can kudancin Bronx cikin tsofaffin sito-sito, ƙofarsa a wangale tana kallon titi. Duk tasin da ta gifta sai in ga kamar direban ya rage gudu. Jesika ta ba mai gidan labarin hancina, wani jibgegen mutum mai jan gemu, shi kuma ya nace sai ya kai ni can ciki in sunsuna sababbin da bai fitar ba tukuna. Wallahi murna na yi, don can babu titi. Muka ratsa tsakanin tankoki har ƙarshen ginin. Ya tsiyayo kofi huɗu, kowanne cike da kumfa, ya ɗora mini katakon a hannu biyu. Na dulmiya hanci a na farko ke nan sai na ji ƙarar ƙofar ƙarfe ana naɗe ta sama a bayanmu. Haske ya shigo. Wata farar motar kaya ta tsaya a bakin ƙofar, wani dattijo ya fito cikin farar shadda da carbi a hannu.

Mai jan gemu ya ɗaga hannu da fara'a ya ce, "Alhaji!"

Alhaji Isuhu ne. (Daga baya na ji dalili. Shi da wani abokinsa suna kiwon ragunan layya a wata gona a Pennsylvania, kuma dusar sha'ir da ake tacewa bayan an dafa, tun kafin ruwan ya zama giya, kyauta ake ba masu dabbobi. Ita ya zo a loda masa.)

Muka haɗa ido. Ƙwaƙwalwata ta ce in gudu, ta ce in ajiye katakon, ta ce in yi kamar ba ni ba ne. Amma jikina bai saurare ta ba, ya yi abin da aka koya masa tun yana ƙarami, wato ba a gaida suruki a tsaye. Na taka zuwa gabansa na zube ƙasa. Kuma da yake ba a gaida babba da irin wannan hula da baƙin tabarau, hannuna na dama ya saki katakon ya tafi cire su. Katakon ya karkata. Kofunan nan huɗu suka kife a jikin farar shaddar, daga gwiwa har takalmi.

Ku san abin da na yi? Na ci gaba da gaisuwa.

"Ina wuni, Alhaji? An wuni lafiya? Ya kasuwa? Ya mutan gida?"

Giya na ɗiga daga bakin rigarsa, kumfa na tsiyaya a kan yatsun ƙafarsa, wani kofi yana ta gangarawa ƙarƙashin tanki, ni kuma ina durƙushe ina tambayar lafiyar iyali. Mai jan gemu ya ruga neman tawul. Alhaji ya dubi rigarsa, ya dube ni.

Can ya ce, "Lahiya lau. Goge hancinka."

Na shafa, ashe kumfa ce ɗare a kan hancin. Ya juya ya shiga motarsa ya tafi, ko dusar bai tsaya ɗauka ba.

Kafin magariba Ramatu ta kira. Ita a nan aka haife ta, Hausarta da Turanci a cakuɗe suke fitowa, balle in ranta ya ɓaci.

"Me ka yi wa Baba? Taron suna zai je a Soundview, shi zai buɗe da addu'a, sai ga shi ya dawo gida yana smelling kamar bar! Mama ta kusa faɗuwa. Wannan ne meeting ɗin naka?"

Na fara rantsuwa, ta ce in adana rantsuwata, ba ita ke buƙata ba, ta kashe waya. A ranar gyambon da na ƙirƙira ya nemi zama gaskiya. Abinci ya ƙi shiga. Ina ta hango limami da mutumin Kumasi da mai aski, duk waɗanda suka yi mini shaidar kirki, ana gaya musu inda aka same ni da abin da ke hannuna.

Washegari saƙo ya zo cewa in same shi a kanti bayan azahar. Na tarar da shi zaune a tsakanin buhunan gero da jarkokin manja. Na durƙusa tun daga bakin ƙofa.

"Ka sha?"

"Wallahi, Alhaji, ko ɗigo ban sha ba."

"Na sani. Kohi huɗu, cike, duka ga rigata sunka ƙare. Da ka sha ko guda, da wandona ya tsira."

Ban san ko dariya ake yi a nan ba, don haka na ci gaba da kallon ƙasa. Ya tambaye ni abin da ya kai ni, na kwashe komai na gaya masa, har gyambon ciki da farar shinkafa. Ya girgiza kai.

"Bon, to. Ni ran da na hwara zuwa wurin nan, kohi sunka miƙo mini. Na ce Musulmi nike, ban sha. Shi ke nan, magana ta ƙare. Yanzu in na je shayi suka dahwa mini. Giyar da ka zuba mini, ruwa da sabulu sun hidda ta. Abin da ya dame ni daban ne. Mutumin da bai iya ce ma abokan aikinai a'a, gobe in sun ja shi ga abin da ya hi wannan hwa? Shi zan ba ɗiyata?"

Wannan tambayar ta fi zagi ciwo. Ya ce in je in gaya wa mutanen ofis gaskiya da bakina, in na iya, sai in turo manyana. In ban iya ba, kada in wahalar da kowa.

Ranar Litinin tun a jirgin ƙasa na layin D nake bitar jawabi. Na tsaya a ƙofar ofishin Jesika, na ce ni Musulmi ne, ba na shan giya, ban taɓa sha ba, kuma ba zan ƙara zuwa inda ake sha ba. Na tsaya ina jiran sama ta faɗo.

Ta ce, "To, ba damuwa. Me ya hana ka faɗa tun farko?" Har ta mai da kai kan kwamfuta, sai ta ɗago. "Tsaya. Wato cikinka ƙalau yake? Duk farar shinkafar nan fa?"

Na ciro ƙullin yajina na ajiye mata a tebur. Ta yi dariya har da hawaye, ta kira Maik ya zo ya gani. Abin da na kwashe watanni ina tsoro bai kai tsawon shan kofin shayi ba.

An ɗaura aurenmu kafin Babbar Sallah. Alhaji mutum ne mai rufin asiri, bai gaya wa kowa ba in ban da matarsa, wato dai Bronx gaba ɗaya ta ji. Na koyi cewa in ba ka shan abu, ka buɗe baki ka ce ba ka sha, tun kafin a ɗora maka shi a hannu. In kuma ka riga ka karɓa, to ka ajiye kafin ka gaida manya. Yau 'ya'yanmu suna hawa cinyarsa suna ja masa gemu, amma har gobe in na shiga zan durƙusa, sai Alhaji ya tattare bakin rigarsa, ya ja da baya kaɗan, ya duba hannuwana tukuna, sannan ya amsa gaisuwa.